Amsar Da Na Sa A Bakinka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo maka gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, wadda ba ta tsufa ko da su biyun sun fara furfura. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da kwanciyar hankali, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa a tashar jiragen nan da kake yini a cikinta. Yaya sanyin wurinku, yaya kuma ƙirjin nan naka da ba ya son iska? Don Allah ka riƙa rufe wuyanka, kada ka ce ai kai ƙato ne.

Mu nan muna godiya ga Allah. Baban yara ya samu sauƙin bayansa, har ya koma kanti, sai dai an hana shi ɗaga buhu, shi kuma ya mai da hanin nan sarauta, ko buta ba ya ɗauka yanzu. 'Yan biyu sun shiga aji shida, macen ta fi namijin lissafi, namijin ya fi ta ci. Goggo tana nan da ƙarfinta, kunnen hagun ne dai ya tafi gaba ɗaya, na daman kuma yana jin abin da ta ga dama ne kawai. Ita ke zama da Inna da safe har in taso daga makaranta ƙarfe biyu, Allah ya saka mata da alheri. An gyara yoyon ɗakin baya, maganin da ka aiko ma ya iso. Game da Inna kuwa, har na rubuta lafiya lau, sai na soke. Za ka ga tabon biron a gefe. Saboda ita na zauna rubuta wannan takarda.

Na san za ka yi mamaki, ga waya a hannu, me ya kai ni ga biro da takarda kamar mutanen da. Dalilin shi ne ka san bakina. In na ji muryarka a waya, kafin zuciyata ta shirya, harshena ya riga ya gyara zancen, ya shafa masa mai, ya miƙa maka. Sau huɗu ina kiranka da niyyar in faɗa maka abin da ke cikin wasiƙar nan, sau huɗu muna ƙarewa a kan tsadar kaya da makarantar yara. Takarda ba ta da wannan wayon. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, in ka ga dama daga baya ka yaga.

Ka san shekara uku ke nan da ciwon mantuwa ya kama Inna, amma abin da kake ji a waya rabin labari ne. Safiya ba ta da wuya. Takan sha shayinta, ta zauna kusa da tsohon keken ɗinkinta tana shafa shi, wani lokacin ta yi ta ninke ƙyalle ɗaya tana warwarewa. Da zarar la'asar ta yi, rana ta karkato ta tagar falo, sai ta zama wata daban. Ta miƙe ta ɗaure ɗankwali, ta ce masu kaya suna tafe ba ta gama ɗinki ba, ta ce yara ba su dawo daga makaranta ba, wa ya ɗauke mata almakashi, wa ya kulle ta a gidan mutane. Ta kama ƙofar gida ta yi ta jijjigawa har maƙwabta su leƙo. Ta taɓa kwaɗa wa Goggo sandar awo a kafaɗa. Ni kuwa ta mare ni ba sau ɗaya ba, Inna da ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba ina ƙarama. Rannan na shiga wanka, na manta mukulli a jikin ƙofa, sai a bakin babban titi mai sayar da jarida ya tare ta, takalmi ƙafa ɗaya. Sunana kuma ya daɗe da ɓace mata. Baiwar Allah take kira na, cikin ladabi, kamar wadda ta zo taya ta aiki.

Wata nas ce a asibitin da muke zuwa, dattijuwa mai haƙuri, ta ga shatin yatsu a kumatuna, ta ja ni gefe. Ta tambaye ni ko akwai wanda Inna take yawan ambata. Na ce ɗanta na fari, yana nesa. Sai ta ce akwai wata dabara da wasu iyalai suke gwadawa: a naɗi muryar wanda mara lafiya yake ƙauna, yana ba da labarin kwanakin daɗi na da, a hankali, yana barin shiru tsakanin magana da magana kamar ana hira a waya, don ta samu wurin amsawa. In lokacin tashin hankalin ya kusa, sai a kunna mata. Ta ce ba magani ba ne, ba kuma kowa yake yi wa aiki ba, ta ja mini kunne in riƙa duban fuskar Inna, in na ga abin yana tayar mata da hankali in kashe. Na fara gwada tawa muryar. Inna ta saurara na minti ɗaya, ta ture wayar, ta ce matar nan ta cika surutu. Goggo ta yi dariya har da tari. Ni ma na yi, amma ba har ciki ba.

Shi ne na roƙe ka. Kwana tara ka yi kafin ka turo, kuma na san ba rashin lokaci ba ne. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Na haddace shi kamar karatun allo. Ka yi sallama ka gaishe ta, ka yi shiru. Ka tambayi ƙafarta, ka yi shiru. Sannan ka kawo labarin rigar makarantarka ta farko, wadda ta haɗa da ragowar yadin mutane, aljihu ɗaya ya fi ɗaya girma, ka ce a babban kake zuba gyaɗa. Daga nan ka ce kana tuna yadda Baba yake ɗora ka a gaban kekensa ya kai ka har bakin aji. Sai ka tsaya. Shirun nan na uku ya fi sauran tsawo, na ƙirga, daƙiƙa goma sha bakwai ne, ana jin numfashinka a ciki. Bayansa ka gyara murya, ka ce ta riƙa shan magani, ta riƙa cin abinci, ka yi mata sallama.

Ranar farko da na kunna, ta riga ta kama ƙofa. Tana jin sallamarka ta saki. Ta dawo a hankali ta zauna a kujerar keke, ta karɓi wayar da hannu biyu kamar an miƙo mata jariri. Ta amsa gaisuwa, ta ce ƙafa da sauƙi, ta yi dariyar aljihun, ta ce ai yadin wani malami ne mai rowa. Ranar ta ci shinkafa ta cinye, ba ta sake kallon ƙofa ba. Na kira ka ina kuka na ce abin ya yi aiki, kuma wallahi ban yi ƙarya ba. Wata bakwai ke nan ba ta mari kowa ba. Ƙarfe huɗu da rabi in ta yi, ko ina tsakiyar wanke-wanke sai in goge hannu in kunna mata kai. Abin da na ɓoye maka shi ne abin da take faɗa a shiru na uku.

Yaya, gafararka take nema. Tun ranar farko, kuma kullum. Kana ambatar Baba da kekensa, sai fuskarta ta canja, ta matso da wayar bakinta, ta rage murya. Takan ce ita ce ta hana a gaya maka, ba kowa ba. Takan ce ta ji tsoro ne kada ka bar jarrabawa ka taho, wahalar shekara biyar ta tashi a banza. Takan ce ta yi kuskure, ka yafe mata. Tana rufe baki, sai muryarka ta shigo ta ce ta riƙa shan magani. Sai ta ɗan jira, ta gyaɗa kai, irin na wanda ya kai kuka ofis aka ce ya dawo gobe. Matar da ba ta san ta ci abinci ba bayan minti goma, ba ta san 'yar da ta haifa ba, wannan abu ɗaya ciwon ya kasa kankare mata shi.

Shekara goma sha huɗu ba mu taɓa yin maganar nan ba, ni da kai, ko sau ɗaya. Bari in yi ta yau. Baba ya faɗi ranar Laraba, saura kwana goma sha biyu ka gama jarrabawarka ta ƙarshe. Inna ta tara mu a barandar asibiti, ta ce duk wanda ya gaya maka ba ta yafe ba. Ta ce zai tashi, in ka dawo a ba ka labari ana dariya. Bai tashi ba, ya cika a kwana na bakwai. Aka ce to yanzu fa? Ta ce saura kwana biyar, wanda ya tafi ya tafi, kada a yi asara biyu. Wayar gida kuwa a hannuna take, don ni ce mai baki. Ni na ce maka Baba yana barci. Ni na ce ya fita. Bayan an binne shi ma ka kira sau biyu, na ce ya je masallaci, har na ƙara da cewa yana yi maka addu'a. Ka dawo da jakarka da agogon hannun da ka saya masa, ka tarar da tabarmi a tsakar gida. Ba ka yi ihu ba, ba ka zagi kowa ba. Ka kwana uku ka tafi. Tun daga lokacin ba ka fasa aike ba, ba ka fasa gaisuwa ba, amma ba ka sake zama ka miƙe ƙafa a ɗakin Inna ba. Da ka yi mana faɗa a ranar, da tuni an wuce wurin.

Za ka ce me ya hana ni gaya maka tun watan farko. Na yi wa kaina wannan tambaya har na gaji. Na ji tsoro kada ka ce ba ka shirya ba, ko ranka ya ɓaci ka ce a daina kunna muryar, in koma kokawa da ƙofa. Na kuma ji tsoro in aka buɗe zancen ya iso kaina, don in Inna ce ta yanke yadin, ni na ɗinka. Akwai na uku, shi ya fi muni, amma na yi alkawarin ba zan shafa wa takardar nan mai ba. Na ji haushinka. Ni ke wanke ta, ni ke canja mata shimfiɗa, ni ke shan mari, amma ni baiwar Allah ce, kai kuwa da minti huɗu ka zama ɗa. Akwai ranakun da nake kallon ta tana roƙon wayar, wani abu a ƙirjina yana cewa madalla, ku ƙarata ku biyun. Ina jin kunyar rubuta wannan. Allah ya yafe mini.

A wata na biyar na kasa jurewa. Gyaɗa kan nan nata ya fara hana ni sukuni, ina gaban allo ina koyar da yara ina ganinsa. Maimakon in ɗauki waya in kira ka, sai na ɗauki wayar na nufi layin shagunan da ke bayan tashar mota, wurin wani mai gyaran waya, dattijo mai gilashi biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Teburinsa cike da ƙananan sukurori, ga matattun wayoyi a cikin gwangwanin biskit. Na riga na binciko wani tsohon saƙonka, na lokacin da 'yan biyu suka fasa fulas ɗin da ka aiko wa Inna, na ba ka haƙuri, ka ce ba komai, ya wuce. Na ce ya yanko mini kalmomin nan huɗu ya dasa su a ƙarshen shiru na uku. Ya saurara sau biyu, ya sauke gilashin goshin, ya tambaye ni ko mai muryar ya sani. Na ce yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Na ɗaga murya, ka san halina, na ce aikinsa gyaran waya ne ko wa'azi? Ya sunkuya kan teburinsa. Ya yi aikin tsaf, ko ni ban gane inda aka yi ɗinkin ba. Da zai miƙo mini wayar, bai kalle ni ba.

Da la'asar na kunna. Ta yi roƙonta kamar kullum, sai muryarka ta ce ba komai, ya wuce. Yaya, ban taɓa ganin kuka irin wannan ba, ba sauti, sai ruwa. Ta share fuska da bakin ɗankwali, ta yi hamdala sau uku, ta nemi allura da zare, ta zauna ta yi wa wani hankici kalmasa, layi a miƙe kamar da. Na ce wa kaina ai wannan aikin lada ne. Mako uku muna haka. Goggo ce ta fara ɓata mini lissafi. Kunnen nan da ba ya jin sallama sai ga shi ya ji abin da aka ƙara. Ta tsare ni a kicin ta tambaye ni yaushe ka sake turo wani, na yi ta kame-kame, ta gane. Ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta ce a da uwata ta zaɓa maka abin da za ka ji, yanzu ni kuma na zaɓa maka abin da za ka ce, duk da sunan tausayi, ta ce gidan nan tausayinmu ne zai kashe mu. Na fusata, na ce ta zo ta karɓi jinyar in ta fi ni iyawa. Kwana biyu ban gaishe ta da kyau ba, tsohuwar da ke ba ni rabin yininta kyauta.

Wata ranar Talata, an gama sauraro, ina jira in karɓi wayar in sa caji. Inna ta ajiye ta a cinya, ta kira ni baiwar Allah, ta tambaye ni ko ina da 'ya'ya. Na ce biyu. Ta ce to in zauna ta gaya mini wani abu. Ta ce ɗanta ne ya kira, na fari, yaro mai ladabi, ta nemi gafararsa ya ce ba komai. Na ce ai shi ke nan, Alhamdu lillahi. Ta girgiza kai. Ta ce bai huce ba. Ta ce ita ta goye shi, ta san shi tun yana kan nono. In ya huce da gaske, sai ya fara yin tsaki, ya yi mita, ya faɗi duk abin da ke ransa, sannan ya kira ta Babbar Tela ya tambayi abin da aka dafa. Wannan ba komai ɗin kuwa, in ji ta, irin wanda yake ce wa baƙo ne in ya taka shi a kasuwa. Ta ce ba ta ga laifinsa ba, abin da ta yi masa ba ƙarami ba ne. Ta miƙo mini wayar, ta ce ba damuwa, gobe in ya kira za ta sake roƙonsa.

Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada yara su ji ni. Na yaudari mai gyaran waya da faɗa, na yaudari kaina da lada, amma na kasa yaudarar matar da ba ta san ranar mako ba. Washegari na goge na jabun, na koma kan naka na asali. Na ba Goggo haƙuri. Na je na gaya wa nas ɗin komai, ina jiran ta wanke ni tas. Ba ta yi ba. Ta dai duba takardun Inna, ta ce kalmomi sun fara guduwa daga bakinta, kuma in sun tafi ba su cika dawowa ba, in akwai abin da ya kamata a yi, yanzu ne. Gaskiya ta faɗa. Watan jiya bayanin jarrabawar ya fita daga roƙon. Daga baya maganar cewa ita ce ta hana a gaya maka ma ta fita. Abin da ya rage a bakinta kaɗai shi ne, ka yafe mini. A makon nan, sau biyu, leɓɓanta kawai suka motsa, ta zuba wa wayar ido har shirun ya ƙare. Wata bakwai na cinye mata, Yaya, lokacin da take da cikakkiyar magana, lokacin da da ka kira da kun yi hira ta gaske. Da-na-sani ƙeya ce, ga shi ina ta waiwaye.

Tunda na fara, bari in juye buhun duka, don kada ka yafe abin da ba ka san girmansa ba. A kwana ukun da ka yi, ka tare ni a bakin rijiya ka tambaye ni ko Baba ya neme ka. Na ce bai san inda kansa yake ba. Ƙarya ce. Ya neme ka sau biyu, da sunanka. Na farko na ce kana hanya. Na biyu Inna ta gaya masa gaskiya, ta ce kana jarrabawa, saura kwanaki kaɗan. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya juya fuskarsa bango. Ban sani ba ko yarda ce, ko fushi, ko gajiya. Na sha so in ce maka yarda ce. Ban sani ba, kuma ba zan ƙara maka ko wasali ba.

To ga abin da nake roƙo. Ba zan gaya maka abin da za ka ce ba, na sa maka magana a baki ya isa haka. In ka yafe, ka faɗa yadda kai kake faɗa. In da saura a ranka, ka faɗi sauran, ka yi tsakinka, ka yi mitarka, wallahi ta fi son faɗanka da ladabinka. In za ka naɗa, ka bar farkon yadda yake, gaisuwar da ƙafar da aljihun gyaɗar, don ta saba da su, su ne hanyar da take bi ta iso gare ka. Ka bar mata shirun ma, ko ba za ta iya cika shi ba. In kuma kira za ka yi kai tsaye, ka kira ƙarfe huɗu da rabi namu, ka yi magana a hankali, kada ka ji shiru ka ce layi ne ya yanke. Zan sa mata wayar a hannu in fita in ja ƙofa, ba zan saurara ba. Zuwanka ya fi duka, amma na san neman hutu da takardun tafiya ba abin kwana ɗaya ba ne, kada ka jira su. In kuma ka duba zuciyarka ka ga ba za ka iya ba, ka gaya mini haka, zan ci gaba da kunna mata na farkon, ba zan sake taɓa shi ba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata man shafawar da ta aiko ya karɓi fatar Inna. Ka shafa mini kan mai sunan Baba da ƙanwarsa sarkin rigima, ka ce ni gwaggonsu ina jiran hoton da aka yi mini alkawari tun bara. Baban yara yana gaishe ka, 'yan biyu suna gaishe ka. Goggo ta ce in gaishe ka, ta kuma tsaya a kaina sai da ta ga na rubuta adireshi a ambulan, wai ba ta yarda da ni ba. Allah ya ba Inna sauƙi, ya jiƙan Baba, ya sa mu gana da alheri.

Za ka lura ban nemi gafararka ba a duk tsawon takardar nan, ko da yake na fi kowa buƙatarta. Da gangan ne. Ni ina da baki, zan iya jira. Ka fara da ita.

Wassalam. Ƙanwarka,
Maman 'yan biyu